Akwatin Garmaho a Kan Gwiwar Ladan

"Salamu alaikum, masu gida. Wa alaikumus salam, amarya, sannu da hanya. Yawwa, sannu kadai. Tunda angon nawa ya ƙi amsawa, bari in yi sallamar in amsa wa kaina."

Sawsan ce take wannan surutu tun daga ƙofar gida, jaka a kafaɗa, ƙurar motar Madani har cikin girarta. Shekarunta ashirin da uku. Tun tana rarrafe kakanta Ladan yake kiranta matarsa, ita kuma take ce masa angon da haƙora suka gudu suka bari.

Kwanansu tara da dawowa hillarsu, wani ɗan ƙauye a bakin babbar tur'a, wato magudanar ruwan noma, kusa da garin Wad Haddad, bayan sun shafe fiye da shekara suna gudun yaƙi a Gadarif. Gidaje kaɗan ne aka buɗe. Su ma a gidan maƙwabcinsu Mukhtar suke kwana, domin rufin ɗakin Ladan ya huje, kuma an ja kunnen kowa kada ya shiga kango ko ya taɓa ƙarfen da bai sani ba sai masu cire nakiya sun zo sun duba.

Jiya ta tafi birnin Madani da aike biyu: maganin hawan jini da allurar garmaho. A bana ake cika shekara ɗari da ruwan madatsar Sinnar ya fara shiga gonakin Jazira, kuma Ustaz Salih na makarantar hilla ya ce ko a gindin bishiya ne sai an yi ɗan taro, kowa ya kawo tsohon abin da ya rage masa a nuna wa yara. Ladan ya yi alkawarin kawo akwatinsa, a kunna garmaho jama'a su ji.

"Ina nan," wata murya ta amsa daga cikin ɗakin da aka hana shiga. "Tsaya inda kike."

"Jiddo," ta ce, yadda jikoki suke kiran kaka namiji a nan, "ɗakin ka shiga? Kwana ɗaya tak na bar ka."

"Ɗakina ne, ni na gina shi tun uwarki ba ta san hanyar bakinta ba. Tsaya bakin ƙofa, kada ki shigo mini da ƙafafun nan naki irin na raƙumi. Mi kika samo?"

"Maganinka, da wannan." Ta zaro wani ɗan gwangwani mai tsatsa ta girgiza shi. "Allura ɗari. Sau uku na zaga kasuwa, rabin shagunan toka ne. Duk wanda na tambaya sai ya nuna mini wurin tela. A ƙarshe wani tsoho mai gyaran agogo ya tono mini shi daga ƙasan durowa. Ya ce in gaishe da mai neman allurar garmaho a wannan zamani, shi ya ɗauka duk kun ƙare."

"Jibril ne. Mai ido ɗaya a lumshe?"

"Shi."

"Shi zai riga ni. Tun muna samari yake tari."

"To fito ka karɓa, ka yi godiya kamar mutumin kirki."

"Ango ba ya fitowa tarar amarya. Aje nan ƙasa, ki wuce gidan Mukhtar ki dafa mini gahawa. Kada ki yi sauri. Ki soya a hankali, ki daka, ki sake dakawa."

"Yaushe ka fara shan gahawata? Kai da ka ce ruwan wankin tukunya ya fi ta ɗanɗano."

"Yau ruwan wankin tukunya nake marmari. Tafi."

Maganar irin tasa ce, amma muryar ba tasa ba ce. Tana fita guntu-guntu, kamar ta mai hawan tudu da kaya. Sawsan ta ajiye jakar, ta kare idonta da tafin hannu ta leƙa.

Ladan yana durƙushe a ƙasa, ƙafar hagu a lanƙwashe ƙarƙashinsa. Gefe ɗaya na babban akwatin ƙarfensa yana ɗage a kan gwiwarsa ta dama, hannuwansa biyu sun damƙe mariƙin. Jallabiyarsa ta jiƙe sharkaf ta manne masa a baya. Hasken rana ya sauko ta hujin rufi ya faɗa tsakanin akwatin da bango, a kan wani abu mai launin toka da wutsiya irin ta kifi. Kansa yana cikin ƙasar da ta zubo daga rufin, jikinsa kuma ya jingina da akwatin.

Dana ce, harsashin igwa da ya faɗo bai fashe ba. A shekarar gudu babu wanda bai koyi gane ta ba.

Sawsan ta tsaya cak a bakin ƙofa.

"Tun yaushe?"

"Tun rana na kan katangar Mukhtar."

Ta duba inuwarta. Ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafarta.

"Na ɗaga shi in jawo," in ji Ladan, "sai na ji wagga baƙuwa ta motsa ta jingino. Ƙasa ta rufe ta, ban gan ta ba. In na sauke, za ta biyo shi. In na ƙara ɗagawa, za ta zame. To, ga mu muna kallon juna. Ta fi ki kunya, tun ɗazu ko tari ba ta yi ba."

"Me ya sa ba ka yi kira ba?"

"Na yi. Jakin Mukhtar ne kawai ya amsa, kuma shawararsa ba ta da amfani."

Ta ja da baya taku uku ta ciro waya. Ta kira Mukhtar. Yana gona yana buɗe ruwa. Da ya ji, sai ya ce kada su taɓa komai, yanzu zai hau babur zuwa Wad Haddad. In masu cire nakiyar suna gari, awa biyu. In sun fita wata hilla, sai yadda Allah ya yi.

Ta dawo bakin ƙofa. "Awa biyu, in ji Mukhtar."

"Gwiwata ba ta san awa biyu ba. Ta yi mini sallama tun ɗazu ta tafi. Hannuwan ne suka rage, su ma sun fara haɗa kaya."

Ta dube su. Rawa suke yi, wata siririyar rawa da ke tashi daga wuyan hannu zuwa kafaɗa.

"Saurara, ɗiyar nan," ya ce, ya rage murya. "Ki fita ki bi bakin tur'a har gindin darbejiya, ki zauna can. Duk wanda kika gani ya nufo nan ki mayar da shi. Wanga ba wasa ba ne."

"Mace ba ta barin mijinta a durƙushe gaban wata."

"To na sake ki."

"Ban ji ba."

"Saki uku. Ki kwashe kayanki."

"Babu shaidu. Dana ba ta shaida, jaki ma haka. Ka bari sai mun je gaban liman."

"Ke dai taurin kai kika gado, ba kyau ba."

"A wurin wa? Ni ban taɓa shiga ɗakin da aka ce kada a shiga ba."

Ta juya kafin ya amsa. Katangar madafa ta rushe tun bara, jajayen tubala suna zube a tsakar gida. Ta zaɓi guda huɗu masu lafiyayyen gefe, ta kakkaɓe su, ta jera a bakin ƙofa. Ta cire takalmanta na safinja, silifa na roba, ta ɗaure mayafinta a ƙugu.

"Mi za ki yi?"

"Zan yi maka kishiyar gwiwa. In na jera su ƙarƙashin akwatin daidai inda yake, sai ka zare ƙafarka, baƙuwarka ba za ta san an yi ba."

"Mukhtar ya ce kada a taɓa komai."

"Mukhtar bai ga hannunka ba."

"In kika tako ɗakin ga, wallahi sai na faɗa wa uwarki ke kika cinye dabinon azumin bara."

"Ta sani. Ta san kuma wanda ya ba ni rabi don in yi shiru."

Ta ɗauki tubali ɗaya da hannu biyu, ta yi bismillah, ta sa ƙafa a ɗakin. Babu gado, babu tabarma, babu ko ƙusa a bango. Masu kwasar ganima sun tafi da komai, har ganyen taga. Taku biyar ne tsakanin ƙofa da akwatin, amma ta ji kamar daga nan zuwa Sinnar. Ƙasar tana da sanyi a tafin ƙafarta.

"Yi magana, Jiddo. In ka yi shiru ina jin numfashinka, kuma ba daɗi. Me ke cikin akwatin nan da ya fi ƙafarka daraja?"

"Abin da ke cikinsa ya fi ki daraja ke da takardar jami'arki."

"Lissafa. Ni dai na san akwai kyankyasai."

"Garmaho, na ɗaya. Faifai talatin da ɗaya, ko guda bai tsage ba. A kan su aka yi rawar bikin rabin mutanen hillar ga."

"Shi ya sa rabinsu suke ɗingishi."

Ta durƙusa a gefensa, ta tura tubalin a hankali ƙarƙashin akwatin, kusa da gwiwarsa. Daga nan tana ganin wutsiyar abin sosai, har da wasu lambobi da aka buga a jiki. Ta kawar da ido.

"Sai me?"

"Tikitin silima, damtse guda. Shekara shida ina sayar da lemo a ƙofar silima a Madani. Duk fim ɗin da aka nuna, ni na fara sanin ƙarshensa."

"Daga waje?"

"Ta kunne. Mai basira ba ya bukatar kujera."

Ta koma da baya-baya ta ɗauko na biyu.

"Akwai kwalaben lemo huɗu na wancan zamani, masu rubutu a jikin gilas. Akwai kwalayen ashana iri arba'in. Akwai hotunan 'yan ƙwallo da ake samu cikin cingam. Sai da na tauna cingam ɗin duniya kafin na haɗa ƙungiya guda."

"Ashe nan haƙoran suka tafi."

"Haƙorana na ba su hutu ne, sun yi aiki."

Na biyu ya hau kan na farko da wata 'yar ƙara. Dukansu suka ɗauke numfashi. Babu abin da ya motsa.

"Ka san me?" ta ce a hankali. "Mutanen nan sun kwashe har ƙusa, amma sun bar akwatinka. Sun ga abin da ke bayansa ne. Ɓarayi ma sun fi ka hankali."

"Awo. Ta yi mini gadi shekara guda, ba ta nemi ci ba, ba ta nemi sha ba. Ke a kwana ɗaya sai ki cinye ladan mai gadi uku."

"To ka aure ta."

"Ina cikin tunani. Zafin rai ne kawai aibinta."

Sawsan ta ji dariya ta taso mata, ta danne ta da ƙarfi, domin tana tsoron ko dariya ta girgiza ƙasa. Ta ɗauko na uku.

"Sai siniya, tiren shayi," Ladan ya ci gaba, yana haki. "Ta bikin cika shekara hamsin. Da hoton madatsa a tsakiya, da audugar Jazira kewaye. Ita Ustaz Salih yake so a sa a gaba. A gasar rawa na ci ta, gaban mutum dubu."

"Haboba, kakata, ta ce daga bayan lori ta faɗo, ka tsinta."

"Na yi rawa kafin in tsinta. Kuma wa ya fi ni haƙƙi? Kakana ya ɗauki ƙasar ginin madatsar nan. Kwando biyu a kai, ɗaya a haƙori. Ranar da aka rasa dutsen toshe ƙofar ruwa guda, shi ya zauna a wurin har aka kawo."

"Shi ya sa kai ma ka zauna toshe wannan."

"Gado ne."

Tana tsakiyar ɗaki da tubali na uku a hannu sai suka ji ƙugin mota. Babbar lori ce take bin hanyar bakin tur'a, tana faɗawa ramuka. Ƙasa ta fara rawa ƙarƙashin ƙafarta. Ƙura ta zubo daga bakin hujin rufi, siririya, ta sauka a kan murfin akwatin. Sai wani ɗan sauti ya fito daga bayan akwatin, ƙarfe yana gogar ƙarfe, gajere, kamar an ja cokali a kan faranti.

Wutsiyar ta sunkuya kaɗan. Ta tsaya.

Lorin ta wuce, ƙarar ta yi nisa. Sawsan ta ga leɓunan kakanta suna motsi, ta gane kalmar shahada yake yi. Ta so ta ɗaga ƙafa, ƙafar ta ƙi. Ta so ta ajiye tubalin, hannun ya ƙi. Gumi ya gangaro ya shiga idonta, ba ta iya sharewa ba.

"Jiddo, ba zan iya ba."

"To koma. Ƙofa na bayanki, taku biyu ne."

"Ita ma ba zan iya ba."

Da ya yi magana, muryarsa ta kwanta, kamar suna zaune a inuwa bayan la'asar.

"Akwai abu ɗaya da ban lissafa ba. Kaset, cikin safa, ƙasan garmaho. Shekarar da na tafi aiki Jidda, kakarki Indo ba ta iya rubutu ba, sai ta ari rikoda ta yi mini magana a kaset ta ba wani alhaji ya kai mini."

Sawsan ba ta taɓa jin wannan ba. Haboba Indo ta rasu a Gadarif, wata huɗu da gudunsu, a ɗakin aro. Ko hotonta ba su fita da shi ba.

"Me ta ce?"

"Kina zaton kalaman soyayya ne? Awa guda cur tana yi mini faɗa. Gefen farko, keken ɗinkin da na yi alkawari ban aiko ba. Gefe na biyu, akuya. Wace ta haihu, wace ta ci wa maƙwabta dawa, wace ta yi kama da ni. A ƙarshe ta ce, to, ka ci abinci, sai kaset ya ƙare."

Hawaye suka zubo wa Sawsan, amma ta ji ƙafarta ta dawo jikinta.

"Don faɗa ka shigo ɗakin nan?"

"Shekara guda ba wanda ya yi mini faɗa yadda ya kamata. Ke naki ba gishiri, rabi Larabci ne."

"Za ka ji mai gishiri in mun fita."

"To taho a hankali. Ɗaga ƙafar raƙumin nan, ta dama. Yawwa. Ɗaya kuma."

Ta isa. Ta ɗora na uku. Tsakanin tubalin da gindin akwatin saura rata kamar kaurin yatsa biyu. Na huɗu ba zai shiga ba, kuma in aka bar ratar, akwatin zai sauka da zarar gwiwa ta fita.

Ta koma ƙofa ta duba tsakar gida. Babu katako, babu tsumma. Idonta ya faɗa kan takalmanta. Ta ɗauki ƙafa ɗaya ta tsinke igiyar da haƙori, ta dawo ta fara cusa shi cikin ratar, kaɗan-kaɗan, tana turawa da babban yatsa. Robar ta matse, ta shige, ta cika wurin.

"Yau dai ƙatuwar ƙafarki ta yi rana," in ji Ladan.

"Saki mariƙin. A hankali."

"Ba ya sakuwa."

Yatsunsa sun ƙage. Sai da ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, tana jin yadda suka yi sanyi kamar ba na mai rai ba. Da na ƙarshe ya fita, akwatin ya yi wani ɗan nishi, ya zauna a kan robar. Suka zuba wa wutsiyar ido. Ba ta motsa ba.

Saura gwiwa. Ladan ya yi ƙoƙarin janye ta, ba ta san yana yi ba. Sawsan ta zaga bayansa, ta sa hannuwa ƙarƙashin hammatarsa, ta kwantar da shi baya a jikinta har gwiwar ta yi ƙasa da kanta ta rabu da ƙarfen. Sannan ta fara ja. Bai fi buhun dawa rabi nauyi ba, abin da ya ba ta tsoro na daban. Dugadugansa suka bar layi biyu a ƙasa har bakin ƙofa.

Ba su tsaya a tsakar gida ba. Ta goya shi kamar yaro, ƙafa ba takalmi a kan ƙasa mai ƙuna, har gindin darbejiyar bakin tur'a. Nan ta sauke shi, ta juya gefe ta yi amai. Ta daɗe a durƙushe tana kuka ba sauti. Ladan ya jingina da bishiya, hannuwansa a kan cinya a lanƙwashe kamar har yanzu suna riƙe da mariƙin.

Sai bayan la'asar Mukhtar ya dawo, mota na bin babur ɗinsa da masu cire nakiya mutum uku. Babbansu, wani mai furfura a gemu, ya shiga ɗakin shi kaɗai. Ya fito yana share wuya ya tambayi wanda ya jera tubalan. Da Sawsan ta ɗaga hannu, ya yi mata faɗa sosai da Larabci, ya ce mutane da yawa sun rasa rai a kan abin da bai kai wannan ba, kada ta sake ko da wasa. Sannan ya juya kan Ladan ya yi masa wanda ya fi shi. Tsohon ya sunkuyar da kai ya karɓa.

Suka kori kowa zuwa bayan makaranta. Sun ɗauki fiye da awa suna aiki da buhunan yashi da igiya, kafin suka fita da abin zuwa wani fili da ba a noma ba. Rana tana gab da faɗuwa aka ji ƙarar. Tsuntsaye suka tashi daga kan tur'a gaba ɗaya, ƙasa ta girgiza har cikin haƙarƙari. Sawsan ta ga ƙurar ta miƙe sama ta fi bishiya tsawo, ta tuna taku biyar ɗin nan, ta zauna a ƙasa ba shiri.

Mukhtar da Ustaz Salih ne suka ɗauko akwatin suka dire a gaban Ladan, a tsakar gidan Mukhtar. An shafa masa mai a gwiwa, an ba shi maganinsa, amma hannuwan ba su gama buɗewa ba. Sawsan ce take riƙe masa kofin shayi yana kurɓa.

"Ustaz," in ji Ladan, "ka rubuta a tarihin taronka. Yarinyar ga ta tsaya tsakiyar ɗaki tana rawa kamar kazar da aka jiƙa. Ni na fito da ita."

"A bayana ka fito, Jiddo. Hilla duka ta gani."

"Dabara ce, don in tabbata kin yi gaba."

"Kuma jallabiyar nan, duk gumi ne? Har ta ƙasa?"

"Gumi ne. Namiji ta ko'ina yake gumi."

Mukhtar ya juya baya yana dariya. Sawsan ta matsar da kofin daga bakin tsohon.

"Ba za ka ƙara kurɓa ba sai ka faɗi gaskiya gaban shaidu. Tsakanin ni da kai, wa ya fi jin tsoro?"

Ladan ya dubi kofin, ya dubi ƙafafunta da suka yi bororo saboda zafin ƙasa. Ya yi 'yar dariya, wadda ta ƙare da tari.

"Ni ne," ya ce. "Amma ki sani, tun safe har kika zo, gajiya kawai nake ji. Na riga na gama shirina. Sai da kika sa ƙafa cikin ɗakin nan na san mi ake kira tsoro."

Sawsan ta mayar masa da kofin bakinsa da sauri, shayin ya zuba masa a gemu.

"Ga shi kuma za ki ƙona ni," ya ce. Ya sunkuyar da kai. "Ciro igiyar nan daga wuyana."

Ta ciro. Wani ɗan makulli ne a jiki, ya yi baƙi don tsufa.

"Aro ko kyauta?"

"Kyauta, da akwatin da abin da ke ciki, har kyankyasan. Ni na riƙe shi iya riƙona yau."

Ta durƙusa gaban akwatin ta sa makullin, ya ƙi juyawa, ta ƙara ƙarfi.

"A hankali, matsoraciya," in ji Ladan. "Faifai ne a ciki, ba tubali ba."